Mece ce turawar gaggawa kan sankarar baki?

A Ingila, idan likitan haƙori ya ga gyambo a bakin mutum ya haura mako 3 bai warke ba, kuma ba a san musabbabinsa ba, yakan rubuta takarda nan take ya tura shi wurin ƙwararru. Wannan ita ce turawar gaggawa.

A can za a duba baki da wuya, wani lokaci a yanki ɗan nama a auna. Burin hukumar lafiyar ƙasar, NHS, shi ne mutum ya ji sakamako cikin kwana 28. Galibi akan tarar ba sankara ba ce.

Masu shan taba da giya sun fi shiga haɗari. Mai irin wannan gyambo ya garzaya asibiti, domin sankarar da aka gano da wuri ta fi jin magani.