Abin da Taswira Ke Koya Mana Game da Tafkin Chadi

In muka buɗe taswirar Afirka, za mu ga Tafkin Chadi a inda Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru suka haɗu. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Amma bayan farin 1973 da na 1984, sai ya tsuke ya koma ƙasa da 2,000. Dalili kuwa shi ne, tafkin ba shi da zurfi, kuma yawancin ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa. In damina ta gaza a kudu, sai tafki ya janye.

Da ruwa ya ja baya, masunta da manoma daga Nijeriya suka bi shi har Darak, cikin ƙasar Kamaru. Wannan ya jawo rigimar iyaka, har Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002, Nijeriya ta miƙa ƙauyukan a 2003.

Ashe ke nan fari kan haifi ƙaura, ƙaura kuma ta haifi husuma. Ya ku ɗalibai, ƙasa da ruwa amanar Allah ce a hannunmu. Mu kiyaye su, mu kuma koyi raba su da maƙwabtanmu cikin salama.