Daga Takarda Zuwa Majigi: Me Ya Raba Marubutan Kano da Masu Shirya Fim?

Masana'antar fim ta Kano, wato Kannywood, da marubuta ta fara tsayuwa. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, cikin waɗanda suka fara rungumar kyamarar bidiyo akwai marubutan littattafan soyayya, musamman 'yan ƙungiyar Raina Kama. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Bala Anas Babinlata ya yi haka da Tsuntsu Mai Wayo, sannan a 1998 aka shirya Alhaki Kwikwiyo daga littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Hanyar ma ba sabuwa ba ce, domin tun 1976 Adamu Halilu ya ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai shi majigi. Amma kafin a yi nisa cikin shekarun 2000, wannan al'ada ta ja baya ƙwarai, kuma a ganina kasuwa ce ta kore ta.

A farkon lamari lissafin mai sauƙi ne. Littafin da 'yan mata da matan aure suka riga suka karance a cikin gidajen birni, ana aro daga hannu zuwa hannu, ya zo da masu kallonsa tun kafin a kunna kyamara. Fim ɗin Sangaya ne ya sauya wannan lissafi a 1999. Da dilolin kaset na Ƙofar Wambai suka ga waƙa da rawa irin ta Indiya na jawo ciniki fiye da kowane labari, sai tambayarsu ta koma: waƙa nawa ce a ciki, wane jarumi ne a jikin fosta? Su ne masu zuba kuɗi, su ne masu rabawa, don haka furodusa ya bi bakinsu. Kwaikwayon fim ɗin Indiya kuwa ba ya buƙatar a nemi izinin kowa, balle a biya marubuci haƙƙinsa. Ga kuma tsawo: littafi mai juzu'i biyu ko uku ba ya shiga kaset ɗaya sai an yanke masa gaɓoɓi, kuma abin da ake fara yankewa shi ne zancen zuci. Ƙarfin Alhaki Kwikwiyo yana cikin abin da Rabi ke haɗiyewa bayan Alhaji Abdu ya sake ta da 'ya'ya tara, yadda take auna kowane kwabo na sana'ar abinci. Marubuciya na iya shiga zuciyarta kai tsaye. Darakta sai ya nemo hoton da zai faɗi wannan ba tare da an buɗe baki ba, aikin da ke cin lokacin da dila ba ya bayarwa.

Wani zai ce ai matsalar rashin jari ce kawai, da akwai kuɗi da kayan aiki da komai ya daidaita. Labaran ƙarshen duniya na Turawa, waɗanda ake kashe musu miliyoyin daloli, sun nuna ba haka abin yake ba. Littafin I Am Legend na Richard Matheson, wanda ya fito a 1954, ya ƙare ne da jarumin ya gane cewa a idon sabbin halittu shi ne dodon. Fim ɗin 2007 da Will Smith ya ja ya nuna birnin New York ya zama kufai yadda ido zai ƙoshi, amma aka sauya ƙarshen ya koma na sadaukarwar gwarzo, ma'anar littafin ta salwanta. Shi kuwa Alfonso Cuarón, da ya ɗauki Children of Men na P. D. James a 2006, ya watsar da abubuwa da dama na littafin, ya riƙe jigonsa na duniyar da haihuwa ta ɗauke, kuma fim ɗin ya yi armashi. Ke nan kuɗi kan sayi rusassun gine-gine da titunan da ba kowa, amma gane inda ran labari yake aikin mai rubuta tsarin fim ne, wanda shi ne aka fi rainawa a Kannywood.

Tace fina-finai ma ta taka rawa, ko da yake ba ta kai ta kasuwa ba. Hukumar da aka kafa a Kano a 2001 ta tsananta bayan 2007, har ta kai ga marubuta, kuma a 2007 ɗin ne aka ƙona littattafai a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Littafin da ke tona asirin zaluncin miji ko auren dole ya zama kaya mai nauyi ga furodusan da ke tsoron a hana shi takardar izini.

Yanzu kasuwar kaset da faifai ta mutu, fim mai dogon zango ya karɓi fili a YouTube da Arewa24, irin su Labarina da Kwana Casa'in. Uzurin tsawo ya kau, tunda shirin da ke fitowa mako-mako zai iya ɗaukar littafi babi-babi. Marubutan ma sun koma Wattpad da WhatsApp, inda mata suka fi yawa, kuma kowace na da masu bibiyarta da za a iya ƙidayawa. Saura yarjejeniya a rubuce wadda za ta fayyace kason marubuciya a kuɗin talla, da kuma ikonta a kan abin da za a sauya a labarinta.