Kafin a kulle ɗaki a tafi dogon hutu: gara da danshi a Tibati

A Kamaru dogon hutun makaranta kan fara ne a watan Yuni, ba a komawa aji sai Satumba. Mu malamai da aiki ya kawo mu Tibati daga Garwa, Marwa ko Ngaundere, lokacin ne muke kulle ɗakuna mu tafi ganin gida. Matsalar ita ce, a nan wannan shi ne tsakiyar damina.

Wanda ya tashi a Garwa ya saba da zafi da busasshiyar iska. Tibati kuwa tana kan tudun Adamawa, ruwa kan sauka tun daga wajen Afrilu har Oktoba, ga kuma tafkin Mbakaou da aka datse a kan kogin Djerem a kusa. Katako yana shan danshin iska kamar soso. Ya kumbura, durowa ta ƙi buɗuwa, ƙofar kabad ta karkace, funfuna ta hau bayan gado. Gara kuma ba abin da take so irin ɗaki mai duhu, shiru, ba mai shara.

Abin da na fi gani, musamman a wajen amare masu lallaɓa kayan ɗaki, shi ne a naɗe gado da kujeru da leda a ɗaure tam, wai don ƙura. To ai ledar nan gumi take yi. Danshin da ya shiga ba ya fita, a dawo a tarar fenti ya tashi, katako ya yi baƙi. Tsohon zane ko zanen gado ya fi, domin iska na ratsa shi.

Kada ƙafar kaya ta taɓa ƙasa, ko da daɓen siminti ne, gara na bin tsagar da ido bai gani. A ɗora kowace ƙafa a kan bulo, a sa guntun kwanon rufi a tsakani. A janye kayan daga bango kamar taki ɗaya, a bar durowa a ɗan buɗe, a kwashe kwalaye da tsofaffin takardu, don su ne ke fara kiran gara. Mu masu tara littattafan jarrabawa a ƙarƙashin gado, da mu nake.

Irin katakon ma da magana. Loko da maɗaci suna da juriya. Farin katakon nan mara nauyi da kafintoci ke kira ayus, wanda ake kawowa daga dazukan kudu, yana da araha amma ƙwari na son sa. In ka ga gari mai laushi kamar fulawa a ƙarƙashinsa, sun riga sun shiga. Kayan kanti da aka yi da garin katako matsattse kuwa, in suka jiƙa suka kumbura, ba kafintan da zai gyara su.

Wasu na shafa baƙin mai. A turken rumfa ba laifi, amma ba a gadon da yara ke kwana ba. Ƙwayar maganin da ake sa wa buhun masara kuma kada a kuskura a ajiye ta a ɗakin kwana, iskar da take fitarwa tana ratsawa ɗakin maƙwabci, kuma tana kisa.

Ni dai makullina nakan bar wa maƙwabci amintacce. Duk mako ya buɗe taga in rana ta fito, ya duba gindin bango, in ya ga hanyar laka da gara ta fara ginawa ya kankare ta, ya kira ni.