Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu: Yadda "Idealism" Ke Rikita Ɗaliban Biyetnam

Tun daga shekarar 1986, lokacin da ƙasar Biyetnam ta soma buɗe ƙofofinta ga cinikin duniya, Turanci ya yi ta ture Rashanci a makarantunta. Cikin kalmomin da ke ba ɗalibanta wuya akwai "idealism", domin kalma ɗaya ce a Turanci, alhali kuwa biyu ce a harshensu.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, daga "idea", wato siffa ko kamanni. Aflatun, masanin nan na birnin Atina, ya koyar da cewa abubuwan da ido ke gani inuwa ce kurum ta cikakkun siffofi, waɗanda sai da hankali ake riskarsu. A 1710 George Berkeley, mutumin ƙasar Ailan, ya ƙara gaba, ya ce babu abin da ke wanzuwa ba tare da hankalin da ke riskarsa ba. Daga baya masanan Jamus, irin su Kant da Hegel, suka faɗaɗa batun. Wannan ita ce ma'ana ta farko, ta masu falsafa. Ta biyu kuwa, wadda ta yaɗu cikin ƙarni na 19, ita ce riƙon kyakkyawan buri da neman gyara al'umma, ko da mutum zai yi hasara.

Mutanen Biyetnam suna kiran ta farko "duy tâm", wato zuciya kaɗai, ta biyu kuma "lý tưởng", wato babban buri. Dukansu daga Sinanci aka aro su. To, a nan gizo ke saƙa. A jami'o'in ƙasar wajibi ne ɗalibi ya karanta koyarwar Marx da Lenin, wadda ke ɗaukar "duy tâm" a matsayin kuskure. Bugu da ƙari, a bakin jama'a akan jingina kalmar ga mai yawan camfi.

Saboda haka idan Bature ya kira likitan da ya bar Hanoi ya koma ƙauye "idealist", yabonsa ya yi, ko kuma ya ɗan nuna burinsa ya yi yawa. Amma ɗalibin da ya ɗauki ma'anar farko a ƙamus sai ya mai da yabon zargi. Maganin abin shi ne ya duba batun da ake yi, falsafa ce ko halin mutum, kafin ya fassara. Kama da wane ba wane ba ne.