Bututun da Ido Ba Ya Gani, Mai Tsince Guba Daga Ruwa

A bakin titin Bristol da ke unguwar Selly Oak ta birnin Bamingham akwai wani tsohon gini na jan bulo wanda baƙo zai ɗauka coci ne. Gidan famfo ne, an gina shi a ƙarshen shekarun 1870 domin jawo ruwan rijiya, lokacin da taifot ke kashe mutanen birnin. A 1904 ruwan kwarin Elan ya iso daga Wales, tafiyar kilomita kusan 117, gangara kawai ke kawo shi. Birnin ya magance matsalarsa da neman ruwa mai tsabta daga nesa.

Ba kowane gari ke da wannan gata ba. Wanda ruwansa ya riga ya gurɓace, dole ya san yadda zai raba shi da guba, kuma nan ne masana kimiyya suka karkata ga wani irin bututu na sinadarin silikat, dangin yashi da yumɓu. Ƙanƙantarsa ta wuce misali: a jera dubu gefe da gefe, da ƙyar su kai kaurin silin gashi.

Allah ya riga ya ajiye samfurinsa a ƙasa. Akwai yumɓun halosait, wanda aka raɗa wa suna a 1826, ana haƙo shi a jihar Yuta ta Amurka da ƙasar Nuzilan. Akwai kuma imogolait, da aka gano a tokar aman wuta ta Japan a 1962, masu bincike a Aberdeen suka haɗa irinsa da hannunsu a 1977.

Haɗa bututun ya yi kama da girki. Ana zuba silika da gishirin magniziyam ko na alminiyam a ruwa, a daidaita tsaminsa, a rufe cikin tukunyar ƙarfe mai jure matsi, a bar ta kan zafi na sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwanaki. Abin da ke fitowa shimfiɗa biyu ce manne da juna, ɗaya ta ɗan fi ɗaya faɗi. Wannan rashin daidaito ke sa ta naɗe kanta kamar tabarma, ta bar rami a tsakiya.

Amfanin yana cikin bangon. Alif da uwar gida ke jefawa a randa laka yake kwantarwa, ba a dogara da shi wajen cire narkakkiyar dalma. Shi kuwa bututun, ciki da waje duk wurin kamu ne. A halosait, bayan bango na jan ƙwayoyin dalma da wasu kalolin rini, cikin ramin kuma na jan masu akasin cajinsu. Gubar ta maƙale, a tace, ruwan ya wuce.

Mai karatu daga Arewa ba ya buƙatar dogon bayani. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, majemun Challawa da Sharaɗa kuma sun daɗe suna tura ruwan kuromiyam cikin kogunan Kano.

Sai dai akwai abin tsoro, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Farin asbestos shi ma bututun silikat ne na magniziyam. A Rochdale, kusa da Manchesta, wata ma'aikaciyar masaƙarsa, Nellie Kershaw, ta rasu a 1924 bayan ƙurarsa ta cinye mata huhu. Halosait gajere ne, ba irin dogon zaren asbestos ba, amma duk garin da za a ba talaka ya zuba a ruwan shansa, wajibi ne a gwada shi tukuna, a kuma tanadi inda za a binne shi bayan ya ƙoshi da dalma.

Akasarin aikin har yanzu a ɗakin gwaji yake, kan ruwan da aka gurɓata da gangan a kwalba. Sassan kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello ya kamata su ɗebo ruwan Challawa na gaske, su gwada yumɓun ƙasarmu a kansa.