Wayar Rauta Ba Ta Shan Data

Na gaji da jin wata magana a majalisun Gwarzo da Kabo, wai duk wanda ya jona kwamfutarsa da rauta ta hanyar waya, kamfanin layi na ganewa, sai ya riƙa zaftare masa data. Har wasu na tsinke wayar da suka saya da kuɗinsu. Haba jama'a! Sai yaushe za mu daina yaɗa abin da ba mu bincika ba?

Intanet ɗin kebul irin na Amurka, wanda ke shiga gida ta wayar talabijin, ba shi muke da shi a nan ba. Abin da ake sayowa daga Farm Centre ko titin Beirut a Kano rauta ce mai cin layin MTN, Airtel ko Glo, tana kamo intanet daga ƙarfen sabis kamar wayar hannu. Wayar da ke tsakaninta da kwamfuta bututu ce kawai. Ba ta ƙara data, ba ta ragewa.

To wa ke shanyewa? Kwamfutar ce da kanta. Da Windows ta ga an soka mata waya, sai ta ɗauka intanet ɗin ba shi da iyaka, ta shiga sauko da sababbin gyare-gyare ba tare da neman izini ba. Microsoft na sakin irin waɗannan a Talata ta biyu ta kowane wata. Ka ɗauki kwamfutar tokumbo da aka sayo wa yaro don ya koyi jarrabawar JAMB, wadda ta yi watanni ba ta hau intanet ba. Ranar da aka jona ta, bashin watannin nan duka za ta biya, da datarka. Ka kwanta da gig 10, da asuba ka tarar saura kaɗan, sai ka hau zagin kamfani. Ga kuma YouTube, wanda kan zaɓi hoto mafi tsabta a babban allo, awa ɗaya ta cinye fiye da gig 1.

Maganin ba wuya. Ka shiga Settings, sannan Network & Internet, ka zaɓi Ethernet, ka kunna Metered connection. Da wannan kwamfuta za ta san ana auna mata. Sannan, don kada baƙi su sha datarka ta Wi-Fi, ka juya rautar, ka duba takardar da ke manne a gindinta. Za ka ga adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza, ka shiga. Yawancin rautoci da kalmar sirri admin suke zuwa, kuma kowane yaro mai gyaran waya ya san haka. Ka canza ta nan take, ka canza ta Wi-Fi ma, kada ka sa lambar wayarka ko sunan ɗanka. Ka kashe WPS. Ka duba jerin na'urorin da ke kai, duk baƙuwar da ka gani ka toshe ta.

Ku kuma samari masu raɓewa jikin katangar maƙwabci kuna kallon ƙwallo da datarsa, ku ji tsoron Allah, haƙƙi ne. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, magidanci da ƙyar yake saya.



Idan ka yi duk wannan data ba ta daina zurarewa ba, ka kai ƙorafi wurin kamfanin layinka. In ba su saurare ka ba, ka kira NCC a 622, kyauta ne.