Ƙananan Masu Bincike Da Ke Riƙe Yaro A Kan Littafi

Akwai wata gaɓa a karatun yaro da iyaye ba su cika lura da ita ba. Ya iya haɗa baƙi, ya daina bin layi da yatsa, amma shafi uku sun isa su gajiyar da shi. Yana da shekara bakwai ko takwas, ya fi ƙarfin littafin hotuna, bai kuma kai ga dogon labari ba. A ajin firamare uku da nake koyarwa, a nan nake ganin yara suna sakin karatu, littafi sai in jarrabawa ta matso. Abin da na ga ya fi riƙe su shi ne labarin da yaro irinsu yake gano ɓarawo ko wani abu da ya ɓace.

Na fi fara musu da Nate the Great, wanda Marjorie Weinman Sharmat ta fitar a Amurka a 1972. Nate yaro ne mai son fanke, mai magana a gajarce. Ƙawarsa Annie ta zana karenta da ruwan ɗorawa, zanen ya yi ɓatan dabo. Nate ya bincika ɗaki, ya tambayi maƙwabciya, bai samu komai ba. Sai ya ga zane-zanen ƙanin Annie: gida ja, bishiya ja, komai ja, ban da wani dodo mai kai uku da ya fito ruwan goro. Yaron da ya taɓa haɗa fenti ya san ja in ya hau ruwan ɗorawa me yake bayarwa. Ashe a kan zanen karen aka shafta dodon.

Sirrin irin wannan labari shi ne amsar tana cikin shafin tun farko. Wanda ya tsallake layi zai rasa ta. Yaran da nake fama da su kan su karanta a natse, da kansu suke komawa baya, suna neman inda aka ambaci launin. Ban ce su maimaita ba, son gane gaskiya ne ya sa su. Kamar kacici-kacici ne na dare, sai dai mai tambayar takarda ce, ba ta gajiya, ba ta kuma yi wa wanda ya faɗi dariya.

Daga nan sai Cam Jansen ta David Adler, wadda ta fara fitowa a 1980, yarinyar da duk abin da ta kalla yake zama a kanta daram. Babi-babin gajeru ne, kuma 'yan mata suna jin daɗin ganin mace ce gaba.

Encyclopedia Brown na Donald Sobol ya girme su, tun 1963 yake. Mahaifin yaron shugaban 'yan sandan garin Idaville ne, shi kuma yana karɓar santi 25 a rana ladan bincike. Littafi ɗaya yakan ƙunshi gajerun labarai goma, amsoshin suna can ƙarshe, sai ka gwada kanka kafin ka leƙa. Tsarin ya burge ni ƙwarai, amma ina da ƙorafi. A wani labarin an kawo takobi da aka ce an ba wani janar bayan gumurzun Bull Run na 1861, rubutun jikinsa kuma ya kira shi na farko. Ƙaryar a nan take, domin na biyun sai 1862 aka yi shi, wa zai ce na farko alhali ba a yi na biyu ba? Dabara ce mai kyau, amma ɗan Gusau ko Maraɗi ina ya san yaƙin basasar Amurka? In alamar ta dogara da sanin da yaro ba shi da hanyar samu, an ware shi daga wasan. Shi ya sa nake zaɓar labaran da zan ba su daga ciki.

Wanda ya ɗan ƙara ƙwari ina miƙa masa labarin Emil na Erich Kästner, Bajamushe, na 1929. An sace wa Emil mak 140 a jirgin ƙasa zuwa Berlin, gumin mahaifiyarsa mai gyaran gashi. Yaran birni suka haɗa kai suka bi ɓarawon har banki. Hujjarsu ita ce 'yan hujojin allurar da Emil ya maƙale kuɗin da ita a cikin aljihu.

Na kusa da mu shi ne na Alexander McCall Smith, kan ƙuruciyar Precious Ramotswe a Botswana. Kayan zaƙi suna ɓacewa a makaranta, aka ɗora wa wani yaro, Precious ta ƙi yarda sai da shaida, ƙarshe aka gano birai ne. Mu ma muna cewa zato zunubi ne, kuma duk malamin da aka taɓa sace biro a ajinsa ya san yadda yara ke saurin nuna yatsa.

Duk waɗannan ɗalibaina da Turanci suke karanta su, harshen da har yanzu suke kokawa da shi, wahala biyu ke nan a lokaci guda. Ina roƙon marubutanmu su yi mana irinsu da Hausa: manyan haruffa, babi gajere, hoto jefi-jefi, da alamun da yaro ya sani a gida. Takalmin da ya ɓace a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya isa littafi guda, haka ma akuyar da aka kwance daga turke ba tare da kare ya yi haushi ba.